Sayen babbar mota: ta turke ce ko ta garke?

Daga watan Maris zuwa Afirilu, duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Madawa zai ga manyan motoci jere a bakin kwalta. A Galmi da garuruwan da ke kewaye ana lodin albasa. Buhu bisa buhu, har mota ta cika. Albasar nan tana zuwa Gana, da Kodibuwa, da Togo, da Nijeriya. Manomi yana tsaye yana kallo. Ya san wahalar da ya sha wajen dashe da ban ruwa. Ya san kuma kuɗin mota yana cin rabo babba cikin abin da albasarsa za ta kawo. Sai tunani ya zo masa: me zai hana ƙungiyarsu ta sayi mota tata?

Ba manomin albasa kaɗai ke wannan tunani ba. Mai wake a Tasawa yana yin sa. Mai aya a jahar Maraɗi yana yin sa. Makiyayin da ke kai bisashe kasuwannin Nijeriya yana yin sa. Akwai kuma samarin da suka tafi bida ƙasashen waje, suka tara ɗan abin hannu, suna son su dawo gida da sana'a.

Amma tirela ba amalanke ba ce. Ko ta hannu ce, kuɗinta miliyoyin sefa ne masu yawa. Kafin a tara su, wani ya saida shanu, wani ya jinginar da gona, wani ya ci bashi. In sayen ya ɓaci, ba mutum guda ke kuka ba. Gida ne duka, wani lokaci gari ne duka.

Saboda haka akwai tambaya guda da ya kamata a amsa tun ba a kira dillali ba. Za a riƙe motar ne har ta tsufa a hannu? Ko za a yi aiki da ita ƴan shekaru, a saida ta tun tana da daraja?

Makiyayi ya riga ya san tambayar

In makiyayi ya shiga kasuwa, ya san abin da ya kawo shi. In sa na turke yake nema, idonsa yana kan ranar saidawa. Yana duba ƙira, da launi, da girman ƙashi. Yana tambayar kansa irin wanda mahauta da fatake za su so bayan wata huɗu ko biyar. In kuwa saniyar garke yake nema, bai damu ƙwarai da abin da za a taya ta ba. Yana duba nono, da haihuwa, da jurewa rani. Zai zauna da ita shekara da shekaru.

Haka sayen mota yake. Akwai motar turke, akwai motar garke. Sai dai akwai bambanci guda mai nauyi. Sa na turke yana ƙara kuɗi kowace rana. Saniya tana haihuwa, ƴarta ta maye gurbinta. Mota ba ta ƙiba, ba ta haihuwa. Tun ranar da aka saye ta take raguwa. Mai mota da bai ware kuɗin maye gurbinta ba yana cin uwar kuɗinsa ne, yana tsammanin riba yake ci.

Kai daban, bodi daban

Tirela abu biyu ce. Akwai kai, inda inji da direba suke. Akwai bodi, wanda ake jan sa a baya, shi ke ɗaukar kaya. Ana iya raba su. Ana iya sayen kowanne daban, a saida kowanne daban.

Wannan yana da amfani ga mai lissafi, domin ba tare suke tsufa ba. Kai yana da inji, da giya, da lagireto, da wayoyin lantarki. Shi ke saurin cin kuɗi, shi ke saurin faɗuwar daraja. Bodi kuwa ƙarfe ne, da sifirin, da birki, da taya. Mai walda na gari yana iya gyaransa. Bodi mai kyau yakan ga bayan kai biyu. Ke nan mutum yana iya riƙe bodi kamar saniyar garke, yana canza kai kamar sa na turke.

Ga lissafi

Lambobin da ke tafe misali ne kurum, don a gane hanyar lissafin. Ba farashin kasuwa ba ne. Kowa sai ya sa nasa lambobin.

A ce ga mota biyu. Ta fari mai suna ce, kowa yana son ta. Kuɗinta miliyon 30. Ta biyu ba ta kai ta suna ba. Kuɗinta miliyon 22.

A ce an yi aiki da su shekara 5, aka kai su kasuwa. Ta fari aka saye ta miliyon 18. Ta rage miliyon 12 ke nan. In an raba 12 gida 5, kowace shekara ta ci miliyon 2 da jika 400. Ta biyu aka saye ta miliyon 8. Ta rage miliyon 14. Kowace shekara ta ci miliyon 2 da jika 800. A nan mai tsadar ita ce mai araha.

To, a ce ba a saida su ba sai bayan shekara 12. A lokacin duk sun tsufa. Tsohuwar mota kuwa, suna ba ya ƙara mata kuɗi da yawa. A ce ta fari ta yi miliyon 6, ta biyu ta yi miliyon 4. Ta fari ta rage miliyon 24, watau miliyon 2 kowace shekara. Ta biyu ta rage miliyon 18, watau miliyon 1 da rabi kowace shekara. Lissafi ya juya. Yanzu ta biyu ce ke gaba, in dai ta kai shekara 12 ɗin tana aiki, kuma gyaranta bai fi na ɗayar yawa ba.

Akwai kuma miliyon 8 da ke tsakaninsu ranar saye. In aljihu ne, da an sa su cikin taya, da mai, da jarin kaya. In bashi ne, ana biyan su da ƙari.

Abin lura shi ne wannan. Motocin ba su canza ba. Yawan shekarun da za a riƙe su ne ya canza amsa. Wanda bai san shekara nawa zai riƙe mota ba, bai san wadda ta fi masa araha ba.

Abin da mota ke ci kullum

Masu saye da yawa suna tsayawa kan farashin saye da farashin saidawa. Suna manta abin da ke tsakani. Alhali abin da ke tsakanin ya fi girma.

Na fari shi ne gazuwal. Tirela cike da kaya takan sha lita 40 ko fiye cikin kilomita 100. Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. Zuwa kaɗai lita 360 ke nan, ban da dawowa. A ce wata mota ta fi wata sha da lita 5 kurum cikin kilomita 100. Abin kamar bai taka kara ya karya ba. Amma in mota ta yi kilomita 60 000 a shekara, lita 3 000 ke nan. In an ɗauka lita sefa 600 ce, miliyon 1 da jika 800 sun tafi. A koma ga misalin ɗazu. Bambancin faɗuwar daraja tsakanin motocin biyu jika 400 ne ko 500 a shekara. Ashe bambancin shan mai ya ninka shi fiye da sau uku.

Na biyu shi ne taya. Kai mai jerin ƙafa uku yana da taya 10. Bodi mai jerin ƙafa uku, in bibbiyu ne, yana da 12. Taya 22 ke nan, ban da ta ajiya. Zafin kwalta na bazara, da ramuka, da lodi fiye da kima suna cinye su da wuri.

Na uku ba a ganin sa da ido. Shi ne ranakun zama. Mota ta lalace a Dakwaro, ana jiran wani ƙarfe daga Kano ko Lome. Sati biyu, sati uku. Cikin kwanakin nan ba ta kawo ko dala. Amma albashin direba da yaron mota yana tafiya. Kuɗin inshora da na takardu suna tafiya. Mai bashi kuma bai san mota ta lalace ba. In albasa ce a ciki, hasarar ta zama biyu, don albasa ba ta jiran bakanike.

Shi ya sa tsohuwar mota ke yaudarar mai ita. Ya gama biyan ta, yana ganin kyauta take yi masa aiki. Bai ƙirga kwanakin da take yi a gareji ba. Bai ƙirga fataken da suka daina ba shi kaya ba, don sun gaji da kwana a hanya.

Me ke riƙe darajar mota?

A Nijar, abu na fari da ke riƙe darajar mota shi ne kayan gyara da kanikawa. Motar da kowane gareji ya san cikinta, kuma ana samun kayanta a Maraɗi, da Ƙonni, da Damagaram, ba ta rasa mai saye. Motar da babu irinta a jaha duka, ko ta fi kowace kyau, ranar saidawa sai an yi ta roƙo.

Dattawa suna tune da Berliet, motar Faransa da ta yi suna a hanyoyin ƙasar nan da na hamada. A 1978 aka haɗa kamfaninta da na Saviem, suka koma Renault. A 1980 aka daina sa sunan Berliet a jikin sababbin motoci. Motocin sun ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan haka. Amma sannu a hankali kayan gyara suka yi wuya, sai an yanka wata a gyara wata. Mai irin wannan mota ya zama mai riƙo na dole, don masu saye sun ragu.

Marsandi mai guntun hanci kuwa, irin su 911 da 1924, an fara ƙera jinsinta a 1959, ba a daina ba sai 1995. Shekaru fiye da 30 ana yin abu kusan iri guda. Kanikawa suka haddace ta, kayanta suka cika kasuwa. Wannan ne ya sa ta daɗe a hannun mutane, kuma ta daɗe da daraja.

Manyan motocin da ke hanya yanzu kashi biyu ne. Akwai na hannu daga Turai: Mercedes da MAN na Jamus, DAF ta Holan, Renault ta Faransa, Iveco ta Italiya. Akwai kuma na ƙasar Sin, irin su Howo, waɗanda sabuwarsu ta fi sabuwar Turai araha nesa. Tun 2017 ake harhaɗa motocin kamfanin Sinotruk, mai yin Howo, a Legas. Kowane kashi yana da masoyansa, kuma gardamarsu ba ta ƙarewa a tasha. Abin da ya kamata mai saye ya yi shi ne ya zagaya garejin garinsa da ƙafarsa. Ya ga wace iri ce aka fi gyarawa. Ya tambayi kuɗin kayanta. Ya tambayi nawa aka saida irinta mai shekara biyar a hannu, ba nawa aka yi mata suna ba.

Motar Turai ta hannu tana da wani abin dubawa. Can ƙasarsu, mota mai dogon zango takan yi fiye da kilomita 100 000 a shekara. Kafin ta iso nan, sau da yawa ta riga ta yi dubu ɗari bakwai ko fiye. Agogon kilomita kuma ana iya maida shi baya. Fenti sabo ba shaida ba ne. Sai a tafi da bakanike amintacce, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya tada inji da sanyin safiya, ya dubi hayaƙi, ya shiga ƙarƙashi ya nemi alamar walda a jikin shasi.

Sannan akwai maganar sababbin injuna. Tun wajen 2005 dokokin Turai na hana hayaƙi suka sa manyan motoci da yawa suna amfani da wani ruwa mai suna AdBlue. Yana da tankinsa daban. Manoma za su yi mamaki in sun ji abin da ke ciki: ure ne, ɗan'uwan takin zamani da ake zuba wa gero da albasa, an narka shi cikin ruwa mai tsabta ƙwarai. Amma ba a haɗa shi da takin gona, don dattin da ke ciki yana ɓata na'urar. Daga 2014 aka ƙara tsananta dokar, motocin suka ƙara yawan na'urori. Irin waɗannan suna son gazuwal mai tsabta. In wani abu ya taɓu, kwamfutar da ke cikin motar takan rage ƙarfin inji da kanta. Ba a gane cutar sai an jona mata na'urar bincike. A Yamai ana samun masu wannan aiki. A tsakiyar daji ba a samu. Motar tana da daɗin tuƙi, tana da tsimin mai, amma mai niyyar riƙe ta shekara goma sai ya fara sanin wanda zai riƙa duba masa ita.

Takardu ma daraja ne. Motar da aka biya mata duwan, lambar shasi ta yi daidai da ta takardar mallaka, ita ce mai sauƙin saidawa. Wadda takardunta ke da gardama, ko an samu arahar ta, ranar saidawa za a biya arahar nan. Haka kuma motar da aka kawo daga Ingila da sitiyari a dama aka juya shi hagu: masu saye sukan rage mata kuɗi.

Lodi fiye da kima

A watan Disamba 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suka sa hannu kan doka mai lamba 14. Ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Tirelar kaya mai jerin ƙafa shida, nauyinta duka, mota da kaya, kada ya wuce ton 51. An kafa ma'aunin motoci a manyan hanyoyi saboda haka.

Wasu masu mota sukan ƙara ganyen sifirin, su ƙara ƙarfe a shasi, don su loda fiye da haka. Suna cewa ta haka ake saurin maida kuɗi. Gaskiya ne kuɗi yana shigowa da sauri a shekarar fari. Amma shasi yana tsagewa, giya tana gajiya, taya tana fashewa, birki yana kasawa a gangare. Hanyar da aka yi da kuɗin jama'a tana lalacewa. Ƙarfen da aka ƙara kuma nauyi ne, yana rage kayan da doka ta yarda a ɗauka. Mai wannan hali ya rasa duka biyu. Motarsa ba za ta daɗe ba, kuma mai saye da ya ga walda zai karya mata kuɗi.

Kaya yana ƙarewa, hanya tana rufewa

Mai niyyar riƙe mota shekara 12 yana yin caca ne a kan abu guda: cewa kayan da yake ɗauka yau za su kasance nan har shekara 12. Tarihin ƙasar nan ya nuna ba kullum haka take ba.

A shekarun 1950 da 1960 gyaɗa ce sarauniyar kaya. Motoci suna kwasar ta daga Maraɗi da Damagaram. Wasu su nufi Kano, wasu su nufi Faraku, inda jirgin ƙasa ke ɗauka zuwa Kwatano. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Sai fari na 1973 da 1974 ya zo. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa. Cikin ƴan shekaru kayan da ake tsammanin ba za su ƙare ba suka ragu ƙwarai. Wake ya maye gurbi, amma hanyarsa daban, masu sayensa daban.

Bayan gyaɗa sai uraniyom. Wajen 1980 aka gama kwaltar Tawa zuwa Agadas da Arlit. Motoci suka samu aiki mai yawa. Ba a daɗe ba farashin ƙarfen ya faɗi a kasuwar duniya. A watan Maris 2021 kuma aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan. A ɗaya gefen, matatar mai ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 ta kawo sabon aiki ga masu tankokin mai. Wanda yake da kai mai lafiya a lokacin, ya iya canza bodi ya bi sabon aiki.

Kuɗi ma yana juyawa. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake sayowa daga Turai kuɗinsa ya tashi, har da motoci da kayan gyara. Wanda yake da mota a hannu ya ga an ƙara taya ta. Amma taya da batir ma sun ƙara tsada. A 2023 naira ce ta faɗi ƙwarai. Mai mota a Maraɗi da ke sa ran mai saye daga Katsina ko Kano ya tarar kuɗin mai sayen ba su kai yadda suke a da ba.

Sai rufe iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. A ƙarshen Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. Motoci suka yi dogon layi a Malanbil, ƙetaren gadar Gaya, sati da sati, wasu kayan suka ruɓe a ciki. An ɗage takunkumin a Fabarairu 2024, amma gadar ta ci gaba da zama rufe a shekarar. Kayan da aka saba kawowa ta Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari, da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙara yawa. Motar da ta saba yin sawu biyu a wata ta koma yin ƙasa da haka.

A irin wannan lokaci ne ake gane amfanin motar da ke da masu saye. Darajar saidawa ƙofar fita ce. Wanda bashi ya matsa, in motarsa irin wadda ake nema ce, zai saida ya biya, ya tsira da gonarsa. Sai dai a sani: ranar da hanya ta rufe, ba shi kaɗai ke son saidawa ba. Masu saidawa sun yi yawa, masu saye sun ja baya. Farashin da aka rubuta cikin lissafi shekara biyar da suka wuce fata ne, ba alkawari ba.

Wa ya dace da wanne?

Mai bashi a wuya, da wanda bai taɓa riƙe mota ba, da wanda ba shi da kayan kansa sai abin da ƴan kamasho suka samo masa a tasha, waɗannan sun fi bukatar motar turke. Su sayi irin da kowa ya sani, ko da ta ɗan fi tsada. Su sa ranar saidawa tun farko. Lokacin da ya fi shi ne kafin babban gyara ya zo, watau kafin a kai ga buɗe inji ko sake giya. Mai saye ba ya biyan kuɗin gyaran da aka yi duka.

Wanda ya saya da kuɗin hannunsa, yana da kaya tabbatattu, yana da bakanike da direba na amana, shi riƙo ya fi masa. Zai biya babban gyara sau ɗaya, motar ta ba shi wasu shekaru. Amma shi ma kada ya ɗauko irin da babu kowa da ita don araha kurum.

Ƙungiyar manoma kuwa sai ta ƙara tunani. Lodin albasa yana da ƙarfi ƴan watanni ne. Wake na kaka ne. Raguna sai gab da Sallar Layya. Mota kuwa wata 12 take ci. Sauran watannin me za ta ɗauka? In ta kai albasa Ankara, da me za ta dawo? Motar da ke dawowa wayam ta sha man sawu biyu da kuɗin sawu guda. In ƙungiya ba ta da amsar waɗannan tambayoyi, haya ta fi mata saye. Kuɗin sai a sa su cikin rumbun ajiyar albasa, a jira farashi ya tashi.

Akwai wata magana da ba a cika son yi ba, amma tilas ce. Garke ana raba shi. In mai shi ya rasu, kowane magaji ya kora nasa. In abokan tarayya sun ɓata, kowa ya ware shanunsa. Mota ba ta rabuwa. Sai dai a saida ta a raba kuɗi, kuma saidawar gaggawa ba ta kawo farashi. Saboda haka masu haɗa kuɗi su rubuta yarjejeniya tun farko, gaban shaidu: wa ya sa nawa, wa ke riƙe kuɗi, yaushe za a saida, in wani yana son fita yaya za a yi.

Littafin mota

Nan ne karatun da aka koya a ajin yaƙi da jahilci zai yi aiki. Kowace mota ta samu littafinta. Ba sai mai tsada ba, littafin ƴan makaranta ya isa.

Kowane sawu a rubuta rana, da inda aka je, da kayan da aka ɗauka, da kuɗin da aka karɓa. A rubuta litar man da aka zuba da lambar da ke agogon kilomita. A rubuta kuɗin hanya. In an yi gyara, a rubuta abin da aka canza, da kuɗinsa, da kwana nawa mota ta yi tsaye. Takardun sayen kayan gyara a adana su cikin leda, kada ruwa ko gara su taɓa su.

Bayan kowane sawu a cire wani kaso a ajiye daban, kafin a raba riba. Wannan shi ne kuɗin maye gurbi. A misalin da aka bayar, motar da ke raguwa miliyon 2 da jika 400 a shekara tana bukatar a ware mata jika 200 kowane wata. Kada a taɓa su don biki ko suna.

Ƙarshen shekara, bayan an gama aikin kaka, masu mota su zauna su buɗe littafin. Su haɗa kuɗin gyara na bana su gwada da na bara. Su ƙirga kwanakin zama. Su duba ko shan mai ya ƙaru. In gyara da zama suna hawa shekara biyu a jere, har sun fi abin da wata mota mai sauran ƙarfi za ta ci, lokacin kiran dillali ya yi. In ba su hawa, a canza mata mai, a duba birki, ta koma hanya. Ranar da mai saye ya zo kuma, a miƙa masa littafin tare da takardun mota, ya karanta da kansa.